Kwana Ashirin na Shuka: Lissafin Bazara a Babbar Gonar Amurka

A makon da ya ƙare ranar 19 ga Mayu, 2013, manoman Amurka sun yi wani aiki da har yau ake ba da misali da shi. Rahoton da Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar take fitarwa duk ranar Litinin ya nuna cewa mako guda kafin nan kashi 28 cikin 100 kacal na masarar shekarar aka shuka, saboda sanyi da ruwa sun hana shiga gona. Da rana ta buɗe, cikin kwana bakwai adadin ya tashi zuwa kashi 71. Wato an shuka kimanin eka miliyan 40 a mako ɗaya. A jihar Ayowa, wadda ta fi kowace jiha noman masara, daga kashi 15 aka yi tsalle zuwa 71.

Bayan shekara shida sai al'amarin ya juya. Ranar 2 ga Yuni, 2019, kashi 67 kaɗai aka shuka, alhali a shekaru biyar da suka gabata ana kaiwa kashi 96 a irin wannan rana. Sama da eka miliyan 19 aka kai rahoton cewa ba su shuku ba sam a wannan shekara, kuma fiye da miliyan 11 daga ciki gonakin masara ne. Manoman su ne dai, ƙasar ita ce, injunan ma sun fi na 2013 girma da sauri. Kwanakin shiga gona ne suka yi ƙaranci. Duk wanda yake son ya fahimci abin da ya sa manomin can yake kashe maƙudan kuɗi a kan ƙarfe, yake kuma kwana a rumfar injuna tun watan Fabrairu, daga waɗannan shekaru biyu zai fara lissafi.

Lokacin da ake magana a kai shi ne watannin Maris zuwa Mayu, bayan ƙanƙarar hunturu ta narke, wanda kafofin labaranmu suke kira bazara duk da cewa tasu bazarar ta sanyi da laka ce. Masara ba ta tsira da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas a zurfin santimita 10, kuma a Ayowa hakan yana samuwa ne wajen tsakiyar Afrilu. Wannan ita ce ƙofar shiga. Ƙofar fita kuwa biyu ce. Ta farko ta amfanin gona ce: Bob Nielsen, wanda ya yi aikin masanin masara a Jami'ar Purdue da ke Indiyana, ya daɗe yana koyar da cewa jinkirin shuka yana rage amfani da kimanin kashi 0.3 cikin 100 a kowace rana a farkon Mayu, sannan ya kai kimanin kashi 1 a rana a ƙarshen watan. Ta biyu ta inshora ce: a Ayowa ranar 31 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta shukar masara mai cikakken lamuni, kuma daga nan kowace rana tana zaftare kashi 1 na abin da inshorar ta lamunce.

To, daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu wata guda ne, amma ba duka kwanakin ake mora ba. Wancan rahoto na ranar Litinin yana da wani layi da manoma suka fi dubawa, wato yawan kwanakin da gona ta shigu a cikin makon. A bazarar Ayowa yakan tsaya ne tsakanin kwana huɗu zuwa biyar. Idan aka tara, kwana ashirin ke nan ko ƙasa da haka. Mutum zai iya cewa a shiga mana ko da laka, amma tarakta mai nauyin tan 15 idan ta bi jiƙaƙƙiyar ƙasa daddanne ta take yi, faifan injin shuka kuma ya shafe bangon ramin ya yi santsi kamar an yaɓe shi, saiwa ta kasa ratsawa. Kuskuren yini ɗaya sai a gan shi a jikin masara har kaka. A cikin waɗannan kwanaki ashirin ne kuma ake zuba taki, a gyara ƙasa, a fesa maganin ciyawa, a shuka masara da waken soya.

Ƙidayar gonaki ta 2022 ta nuna dalilin da ya sa hannu ba zai iya wannan aiki ba. Gonakin Amurka miliyan 1.9 ne, a kan eka miliyan 880, matsakaicin gona eka 463. A 1935 gonakin sun kai miliyan 6.8. A 2022 matsakaicin shekarun manomi 58.1 ne. Sai dai wancan adadi na 463 yana ruɗin mai karatu, domin ya haɗa ƙananan gonakin da masu su suke aikin albashi a gari da manyan da suke ciyar da kasuwa. Gonaki dubu 105 da ɗoriya, kashi 6 cikin 100 ke nan, su suka sayar da fiye da kashi uku cikin huɗu na duk amfanin gonar ƙasar. A irin waɗannan gonaki sau da yawa uba ne da ɗansa da ma'aikaci ɗaya ko biyu suke riƙe da dubban eka.

Bari mu ƙaddara wata gona don mu yi lissafi da ita: eka 2,000, kimanin hekta 810, rabi masara rabi waken soya, da shanu mata 200. Ana barin inci 30, wato santimita 76, tsakanin layi da layi. Injin shuka mai layi 24 faɗinsa ƙafa 60 ne, mita 18 da 'yan kai. Idan yana tafiyar mil 5 a awa, kilomita 8 ke nan, zai iya cin eka 36 a awa da a ce ba ya tsayawa. Amma akwai juyawa a bakin gona, da loda iri, da sauka a duba zurfi, don haka ƙungiyar injiniyoyin aikin gona ta Amurka, ASABE, take ɗaukar kashi 65 cikin 100 a matsayin abin da aka saba samu. Ya koma eka 24 a awa. Eka 2,000 za ta ci awa 83, kwana bakwai idan ana aikin awa 12 a yini. Da inji mai layi 16 ne, awa 127 za a yi, kusan kwana goma sha ɗaya. Bambancin kwana uku da rabi ke nan, kuma shi manomi yake saye idan ya ƙara kuɗi ya ɗauki babban inji. A shekara mai kyau bai ci ribar komai ba. A shekara irin 2019 waɗannan kwanaki suna iya zama bambancin gonar da ta shuku da wadda ta kwana fayau.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lissafi shi ne awa 83 ɗin. Shekara tana da awa 8,760. Injin da aka zuba wa dubban ɗaruruwan daloli yana aiki ne ƙasa da kashi 1 cikin 100 na shekara, sauran lokacin yana ajiye a rumfa. Ba a yarda ya yi ciwo a cikin wannan mako ɗaya ba, kuma aikin da ake nema a wurinsa ba na wasa ba ne. Manoma da yawa suna shuka ƙwaya dubu 34 a eka, tazarar santimita 15 da rabi, a zurfin santimita 5. A tafiyar mil 5, kowane layi yana sakin ƙwaya 14 a daƙiƙa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake ba ninki. Injunan da kamfanin John Deere ya fito da su a 2014 masu gudun mil 10 suna sakin ninkin haka. Idan layi ɗaya cikin 24 ya toshe aka yi awa guda ba a lura ba, an bar eka guda babu iri.

Eka guda nawa ce? A 'yan shekarun nan Ayowa tana samun wajen bushel 200 a eka. Bushel shi ne mudun da suke awon hatsi da shi, na masara kilo 25.4 ne. Ke nan tan 5 a eka, buhu 50 mai cin kilo 100, ko tan 12 da rabi a hekta, inda matsakaicin Najeriya yake wajen tan 2. Farashin da manoman Amurka suka samu a kakar 2023 ya tsaya a dala 4.55 kan kowane bushel, bayan dala 6.54 a kakar da ta gabace ta. A ƙaramin farashin ma, layin nan da ya toshe ya ci dala 910 a awa guda.

Shi ya sa aikin bazara yake farawa tun ƙasa tana daskare. Shiga rumfar injuna a watan Maris za ka tarar da manomi a durƙushe ƙarƙashin injin shuka, da awo a hannu ɗaya da katin ɗan kasuwa a ɗayan. Kowane layi yana da faifai biyu na ƙarfe da suka haɗa baki suna tsaga ƙasa. Sabon faifai faɗinsa inci 15 ne, kuma da zarar ƙasa ta cinye shi ya koma 14 da rabi sai a canja. Rabin inci kacal. Katin kuwa zura shi ake yi tsakanin faifan biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, har inda kowanne ya cije, sannan a auna tsakaninsu. Ana son bakin faifan ya haɗu na tsawon kimanin inci 2. Idan haɗuwar ta gaza, ƙasa takan zubo cikin ramin kafin iri ya sauka, wata ƙwayar ta kwanta a zurfi wata a sama, su tsira a ranaku daban-daban, babbar ta shanye wa ƙaramar rana. A inji mai layi 24, faifai 48 ne za a bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan su sai a juya kowace ƙafa a saurari kukan boris, a duba sarƙa da tiyon iska, a ciro na'urar da ke ƙirga iri a kai ta a gwada a kan teburi, a bi wayoyi a ga inda ɓeraye suka ci a lokacin sanyi. Tarakta kuma tana jiran nata: juyen baƙin mai, wanda ake yi duk awa 250 zuwa 500 gwargwadon injin, canjin filtoci, giris, batir, iskar taya.

Man da za a sha ma a lissafe yake. William Edwards na Jami'ar Jihar Ayowa, wanda manoma suka daɗe suna amfani da jadawalinsa na kuɗin injuna, yana lissafa galan 0.044 na dizal ga kowane ƙarfin doki a awa guda. Tarakta mai ƙarfin doki 300 za ta sha galan 13, lita 50 a awa. A yinin awa 12 duro uku ke nan mai cin lita 200. Ana ƙara kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin man don baƙin mai da giris.

Lissafin gyara shi ne ya fi koyar da darasi. ASABE tana ƙiyasta cewa tarakta mai ja da ƙafafun baya tana da rayuwar awa 12,000, kuma kafin ta kai nan kuɗin gyaran da aka kashe mata zai yi daidai da kuɗin sabuwarta. Babbar mai ja da ƙafa huɗu awa 16,000 ce da kashi 80 cikin 100. Injin girbi awa 3,000 da kashi 40. Injin shuka awa 1,500 da kashi 75, wanda a gonarmu ta misali shekara goma sha takwas ke nan. Amma kuɗin ba a rabe yake daidai da shekaru ba. A taraktar farko, awa dubu ta farko ba ta cin ko kashi 1 cikin 100. A awa 6,000, rabin rayuwa, an kashe kashi 25. Sauran kashi 75 duk a rabi na biyu suke. Wanda ya sayi tsohuwar tarakta da arha ya sayi wannan rabi na biyun ne, kuma babu laifi a cikin haka muddin ya san abin da ya saya, yana kuma da hannun gyara da wurin samun kayan gyara. Ƙaramin manomi da matashi mai farawa a nan suke rayuwa, domin sabuwa ta fi ƙarfinsu.

Ga kuma shanu, waɗanda ba su san ana shuka ba. Ranar 1 ga Janairu, 2024, shanun Amurka miliyan 87.2 ne, adadi mafi ƙanƙanta tun 1951, kuma a farkon 2025 sun ƙara sauka zuwa miliyan 86.7, bayan shekarun fari da tsadar abinci sun sa makiyaya sun sayar da iyaye mata. Ma'anar wannan a gona ita ce kowane maraƙi ya yi daraja, asararsa ta fi ciwo. Fiye da kashi 70 cikin 100 na maruƙan ƙasar a rabin farko na shekara ake haihuwarsu. Saniya tana ɗaukar ciki kwana 283. Idan ana so ta haihu duk shekara, kwana 82 ne kawai tsakanin haihuwa da sabon ciki. Mai son haihuwa ta fara ranar 1 ga Maris, don a gama kafin shuka, dole ya saki bijimi wajen 22 ga Mayu, daidai lokacin da ake fafutukar ƙarasa waken soya, yankan ciyawar alfalfa na farko kuma yana bakin ƙofa.

Masana kiwo suna son kashi 60 cikin 100 na garke su haihu a kwana 21 na farko. A shanu 200, maruƙa 120 ke nan, kusan shida a yini, kuma da yawa cikin dare. Karsanar da za ta yi haihuwar fari sai ana leƙa ta duk bayan 'yan awoyi da fitila a hannu. Maraƙi yana faɗowa a jiƙe cikin iska mai sanyi, kuma dole ya sha dakashi a awoyin farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ya daina karɓar kariyar da ke cikin nonon. A watan Maris na 2019, da ruwan sama ya sauka a kan daskararriyar ƙasa a Nebaraska har madatsar Spencer ta ɓalle ranar 14 ga watan, tsakiyar haihuwa ake, kuma jami'an jihar sun ƙiyasta asarar dabbobi da kimanin dala miliyan 400.

Kafin ciyawa ta fito, abinci a baki ake kai musu. Saniya mai kilo 600 tana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinta a busasshen abinci, kilo 12 a yini, mai shayarwa ma ta fi haka. Shanu 200 za su ci kilo 2,400, dunƙulen ciyawa biyar mai kilo 500, kullum ta Allah. Taraktar da ke ɗaukar wannan ciyawa yawanci ita ce tsohuwar gidan, wadda ta daɗe da shiga rabin rayuwa mai tsada. Awa biyu a yini na wata biyar awa 300 ne, fiye da ninki uku na aikin injin shuka, kuma ita ba ta da ranar hutu. Ga gajiya, ga gaggawa, a nan haɗari yake shigowa. Sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta tana zagaye 540 a minti, tara a daƙiƙa. Kafin mutum ya ankara ta naɗe hannun riga. Kifewar tarakta tana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe manoma a ƙasar, alhali ƙarfen kariya na saman kujera tare da ɗaura bel yana hana mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin 100. Sai daga 1985 ya zama abin da ake sa wa kowace sabuwar tarakta, kuma tsofaffin da suka girmi wannan shekara suna nan suna aiki a gonaki da yawa.

Yanzu a ɗauka an yi duk abin da ya kamata, sai ranar 24 ga Mayu, da saura eka 500 na masara saboda ruwa ya ci kwanaki, wata alama ta kama a allon tarakta, injin ya rage wa kansa ƙarfi. Taraktocin zamani cike suke da kwamfuta da na'urorin lura, musamman a ɓangaren tace hayaƙi, kuma ƙaramar na'ura ɗaya tana iya tsayar da su. Kwana uku ana jiran bakanike: kashi 3 cikin 100 na bushel 200 a eka 500, bushel 3,000, dala 13,650. Idan kwanakin ukun su ne na ƙarshe kafin ruwan mako guda, jinkirin ya zama kwana goma, asarar ta haura dala dubu 45, an kuma ƙetare ranar inshora. Na'urar da ta jawo wannan duka mai yiwuwa ta shige aljihun riga.

Wannan lissafi ne ya haifar da rigimar 'yancin gyara. Manoma suna kukan cewa ko sun gano matsalar, ko sun sa sabon abin da hannunsu, wani gyaran ba ya kammala sai dillalin kamfani ya zo da manhajarsa, kuma a watan Mayu kowa shi yake kira. Ƙungiyar kare masu sayayya ta PIRG ta ƙiyasta a 2023 cewa wannan yana jawo wa manoman Amurka asarar dala biliyan 4.2 a shekara, biliyan 3 na zaman jira da biliyan 1.2 na ƙarin kuɗin gyara. A yi taka-tsantsan da wannan adadi: daga amsoshin manoma 53 aka gina shi, kuma ƙungiyar tana da ɓangare a rigimar. Abin da ya fi amfani a cikinsa shi ne rabon, cewa jira ya fi gyaran kansa tsada, kuma wannan ya yi daidai da lissafin da muka yi a sama. A Janairun 2023 John Deere ya sa hannu a takardar fahimtar juna da babbar ƙungiyar manoma ta Farm Bureau, ya yi alkawarin buɗe wa manoma da masu gyara masu zaman kansu kayan bincike. A Afrilun shekarar Gwamna Jared Polis ya sa hannu a dokar Kolorado, ta farko a ƙasar da ta wajabta wa kamfanonin injunan gona su ba da kayan gyara da littattafai da manhaja. Ranar 15 ga Janairu, 2025, hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, tare da jihohin Ilinoyi da Minesota, ta kai John Deere kotu bisa zargin cewa cikakkiyar manhajar gyaran dillalansa kaɗai yake ba. Kamfanin ya musanta, yana cewa ƙarar ba ta da tushe.

Kamfanonin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, cewa buɗe manhaja zai ba wasu damar kashe na'urar tace hayaƙi ko ta kariya. Amma dokar Kolorado da kanta ta haramta hakan, ta kuma bar wa manomi gyaransa. Mutumin da ya auna faifai 48 da kati a cikin sanyin Maris, ya tashi ƙarfe biyun dare ya ciro maraƙi, ya kuma biya kuɗin injin nan daga guminsa, ya cancanci a ba shi mabuɗin abin da ya mallaka. Takardar fahimtar juna alkawari ce da kowane ɓangare zai iya janyewa daga cikinta. Dokar Kolorado ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024, kuma abin da ya dace shi ne majalisar tarayyar Amurka ta mayar da irinta dokar ƙasa baki ɗaya.